Shekarar da Muka Yi wa Sana'ar Baba Takarda

Ranar bikin 'yar Kawunku Sabo a unguwar Etudi, Nafisa ta dawo gida rai a ɓace, ta yar da mayafi a kan kujera, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce wa ta kusa da ita, waccan ai 'yar wadda ta ƙwace sana'ar ubansu daga hannun yayanta ce. Ban ce mata komai ba a ranar, domin maganar ba ta tsaye ba ce. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, ofis kuma ya koma hannunku, ke Nafisa da Usaini, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina cikin hankalina, har da inda ni na yi laifi. Kawunku ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba, saboda haka zan faɗi nasa ɓangaren kamar yana zaune yana jina.

Kakanku Alhaji Garba dillalin gidaje da filaye ne a nan unguwar Birkiteri tun kafin a haife ni. Mahaifinsa fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Kano ya zauna, shi kuwa Baba a nan aka yanke masa cibiya, kuma babu lungun da bai san wanda ya fara gini a cikinsa ba. Ba shi da ofis. Benci gare shi a ƙofar shagon wani tela, daura da masu gasa soya, wato tsire, hayaƙi yana bin babbar rigarsa har gida. Baƙo zai sauko daga jirgin ƙasan Ngaundare da jakarsa a ka, a ce masa je ka wurin Garba. Baba zai dube shi, ya tambaye shi garinsu da sana'arsa da ko yana da iyali, sannan ya tashi ya kai shi ɗakin da ya dace da shi. Masu gidaje kuma, Hausawa da Fulani, da 'yan ƙabilar Ewondo na unguwar Elig-Edzoa, da Bamileke na unguwar Madagaskar, makullai suke danƙa masa su tafi harkar gabansu. In cinikin fili ne, shaidu biyu, a yi musafaha, a shafa Fatiha, shi ke nan an gama. Yana jin Ewondo da Fulatanci kamar a can aka raine shi, amma Faransancinsa na kasuwa ne, ba ya karanta shi.

Ni ce ya sa a lekol, wato makarantar boko, duk da surutun dangi. Da na gama na yi shekara takwas ina buga takardu a ofishin wani noter, irin masu shari'ar nan da ke hatimce cinikin ƙasa da kafa kamfani, har na auri mahaifinku na bari. Da Allah Ya yi masa rasuwa na dawo gidanmu da ku, Usaini yana goye a bayana, sai na zama ni ke rubuta wa Baba takardun haya in wani ya nema. Yaya Sabo kuwa dillalin shanu ne a kasuwar Etudi, mutum mai faran-faran da jama'a, mai baki, wanda zai sasanta mutum biyu da suka zo da niyyar faɗa su tafi suna dariya. A shekarar da nake ba ku labari idon Baba ya mutu. An yi masa aiki bai yi ba. Yaya ya bar shanu ya zo ya zauna a benci, kuma ina shaida muku ya iya. Baba yana gida a kan buzunsa, ana zuwa ana faɗa masa abin da ake ciki, yana cewa a ba wane, kada a ba wane.

Damina ta fara ke nan wata mata ta yi mana sallama, Madam Bernadet, 'yar wani tsohon abokin Baba da ya rasu ya bar babban gidan haya a Elig-Edzoa. Shekara talatin Baba ke zuba mutane a ɗakunan gidan nan. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta riƙe hannunsa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Papa Garba, ni na yarda da kai. Amma mu bakwai ne magada, huɗu suna ƙasar waje. Sun ce ba za su sa hannu a ba wa mutum makulli ba, sai ofishin da ke da rajista da lamba. In ba ku yi takarda ba kafin ruwa ya ɗauke, dole in ba wasu."

Baba ya ce, "Ubanki bai taɓa tambayata lamba ba."

"Na sani, Papa," in ji ta, tana share ido.

Ba ita ce ta farko ba. Ita ce dai ta farko da ta yi mana kara ta zo ta faɗa. Kafin ita masu gida uku sun zare jiki a hankali sun koma wurin masu ofis da allo a ƙofa. Don haka babu wanda ya yi musu cewa sai an yi takarda. Musun da aka yi, wanda ya raba gidanmu, a kan wace iri ce za a yi.

Yaya ya riga ya yi tambaya a wurin abokansa 'yan kasuwa. Ya ce abin mai sauƙi ne, a buɗe etabilisma, wato rajistar sana'a da sunan mutum ɗaya. Katin shaidarsa, hotonsa, a biya fatanti, wato harajin sana'a, cikin 'yan kwanaki a rataya allo. Shi ne babba, shi ke benci, sunansa za a sa. Inna ta gyaɗa kai, ƙanwarmu Hauwa ta gyaɗa kai, Baba ya ce to. Ni kaɗai na ce a ba ni kwana uku. Ban san me nake tsoro ba a lokacin, na dai tuna fuskokin mutanen da na gani suna fitowa daga ofishin noter hannu a ka.

Na je wurin tsohon maigidana, wanda muke ce wa Metir. Ya tsufa, amma kansa garau. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce hanya uku ce a gabanmu. Ta farko ita ce ta Yaya. Tana da arha, tana da sauri, amma a idon doka mutumin da sana'ar abu guda ne. In ciniki ya ɓaci aka je kotu, ba a bambanta teburin ofis da gadon kwanansa, kuma ranar da ya mutu rajistar ta bi shi, abin da ya rage na 'ya'yansa ne su kaɗai. Ta biyu ita ce mu haɗa sunayenmu gaba ɗaya, kowa ya ɗauki nauyin kuskuren ɗan'uwansa har ƙarshen abin da ya mallaka. Ta uku ita ce SARL, kamfani mai suna nasa na kansa, kowa da kasonsa a ciki, abin da aka zuba a matsayin jari shi ne iyakar abin da za a iya taɓawa muddin ba ha'inci aka yi ba. Amma tana cin kuɗi, tana cin lokaci, sai an rubuta ƙa'idoji, sai an naɗa jeran, wato wanda zai riƙa sa hannu da sunan kamfani, sai an zauna taro duk shekara ko da ana fushi da juna. Ina shirin tashi ya jefo mini tambaya.

"Gidan da kuke ciki, sunan wa ke kan titir fonsiye ɗinsa?"

Titir fonsiye ita ce takardar mallakar ƙasa, wadda ba a jayayya da ita. Shekarar da aka yi wa gidanmu takarda Baba yana Makka, Yaya ne ya bi layi, sunansa aka rubuta, kuma babu wanda ya sake tunawa da zancen. Na faɗa wa Metir. Ya cire tabarau ya ajiye.

"To kin ga amsarki. Sana'a da sunansa, gida da sunansa. Fili ɗaya ya ɓaci a hannunsa, mahaifiyarki za ta kwana a waje."

Washegari bayan la'asar muka zauna a tsakar gida. Inna tana tsince shinkafa a faifai, Baba a kan buzu, Yaya a kujerar roba yana kaɗa makullan mutane a yatsa. Na yi bayani da Hausa dalla-dalla kamar yadda Metir ya yi mini da Faransanci. Na ɗauka Yaya ne zai fara tare ni, ashe Baba ne.

"Tsaya, Uwani," in ji shi, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Wato in ciniki ya lalace, mutum ya zo yana kuka, sai ku ce masa ba mu ba ne, kamfani ne? Shekara arba'in ban taɓa ɓuya a bayan kowa ba. Wanda na sa ya sayi abu ya ɓaci, ƙofata ya sani."

Na ce, "Baba, ƙofar ce nake tsoron a ɗauke. A zamaninku fili ɗaya mai shi ɗaya ne, kuma kun san shi kun san ubansa. Yanzu ana sayar wa mutum uku fili ɗaya, kowa da takardarsa mai hatimi. Wannan kamfani ba zai hana mu cika alkawari ba. Abin da zai hana shi ne a fitar da Inna titi saboda ƙaryar wani."

Inna ta ɗago kai daga faifai ta dube ni.

Yaya ya ce, "To wa zai zama jeran ɗin?"

Na riga na yi tunanin wannan. Na ce mu biyu, ni da shi. Kasonsa ya ninka nawa, kamar yadda zai kasance in rabon gado ne. Haya da karɓar baƙi da duk abin da ya shafi benci, shi kaɗai ya isa. Amma cinikin fili ko gida, ba za a rufe ba sai an duba takarda a ofishin ƙasa, kuma sai mu biyu mun sa hannu. Na ƙara da cewa in ya haɗa kasonsa da na Baba da Inna, zai iya sauke ni duk ranar da ya ga dama.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni da na goya ki zuwa makarantar allo, yau sai na nemi izininki kafin in sayar da fili? Kin san abin da za a ce a Etudi?"

"Ba izinina ba ne, Yaya. Ni ma ba zan iya sayarwa ba sai da naka."

"Ke da ma wa zai kawo miki fili?"

Inna ta ce, "Ku rage murya, katangar nan ba ta da kauri."

Haka aka tashi ba a yanke komai ba. Sati ya bi sati, ruwa yana zuba, lungunanmu sun zama taɓo, Madam Bernadet tana aiko da gaisuwa mai ɗauke da tambaya. Yaya ya karɓo fom ɗin etabilisma ya ajiye a kan talabijin inda kowa zai gani. Ni kuma duk safiya in na kai ki lekol, Nafisa, sai in wuce ofishin Metir da Usaini a baya, in zauna a gefe ina rubuta ƙa'idojin kamfanin da babu wanda ya yarda da shi tukuna. Na rubuta na goge ya fi sau goma. Baba bai ce eh ba, bai ce a'a ba. In na kawo masa abinci sai ya ce in sake faɗa masa abin da Metir ya ce a kan hanya ta farko, in faɗa, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ana cikin haka cinikin Malam Bello ya taso. Mahauci ne a mayankar Etudi, aminin Yaya tun suna samari, ya daɗe yana tari don ya gina wa iyalinsa matsuguni. Wani mutum ya kawo wa Yaya fili a bayan gari, da takardar sayarwa mai hatimin wani mai unguwa. Yaya ya je ya gani, ya taka iyakarsa, ya tambayi maƙwabta, suka ce lallai sun san mutumin a wurin. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a biya a benci. Yaya ya ce in buga takardar ciniki. Na tambaye shi lambar titir, ya ce babu tukuna, tana kan hanya, ai rabin garin nan haka aka saye shi. Ban yi masa musu ba. Na kwafi zanen filin a ɓoye na tafi ofishin ƙasa. Kwana uku ina zarya, yau a ce mai makullin ɗakin ajiya bai zo ba, gobe a ce in dawo da rana. Sai ranar Juma'ar da kanta, wajen azahar, wani ma'aikaci ya buɗe mini babban littafi ya ɗora yatsa. Filin yana tsakiyar wata ƙasa da wani dangi suka yi wa titir tun da daɗewa. Wanda ya kawo shi ba shi da ko taku ɗaya a ciki.

Na tari taksi cikin ruwa. Da na iso an riga an taru a rumfar tela, mutum ya fi goma sha biyar, Malam Bello da jakarsa a cinya, shaidu sun gyara zama. A nan ne laifina yake, kuma ina so ku karanta shi da kyau. Ina iya tsayawa daga nesa in sa a kira mini Yaya, in faɗa masa a kunne, ya koma ya ɗage cinikin da dabararsa, ba wanda zai san komai. Wannan tunanin ya zo mini, ban bi shi ba. Na shiga tsakiyar maza da jiƙaƙƙen mayafi na ɗaga takarda.

"Kada a biya. Filin nan yana da masu shi, ga lambar takardarsu."

Mai filin ya ce zai je ya ɗauko wata takarda a mota, ba a sake ganinsa ba. Malam Bello ya rungume jakarsa yana salati. Wani daga baya ya ce, "Ashe da ƙanwa ba ta zo ba da an yanka mahauci." Aka yi dariya. Yaya bai dube ni ba. Ya tashi ya sa takalminsa ya shiga ruwan ya tafi, ko lema bai ɗauka ba.

Kawunku ba macuci ba ne. Yaudararsa aka yi, kamar yadda ake yaudarar duk wanda ya saba da zamanin da magana ta isa. Ni kuwa na san dalilin da ya sa na yi magana a bainar jama'a. So nake labarin ya isa kunnen Baba ta bakin mutane, ya san ni ce mai gaskiya. Ya kuwa isa kafin magariba.

Da safe bayan Baba ya idar da lazimi ya kira ni.

"Uwani, kin ceci Bello, Allah Ya saka miki. Kin kuma tsiraita ɗan'uwanki a gaban mutanen da yake cin abinci da mutuncinsa a wurinsu. Duka biyun naki ne."

Na sunkuyar da kai, ko da yake ba ya gani.

"A yi kamfanin," in ji shi. "Da an biya kuɗin nan a ƙarƙashin sunan Sabo, da yau muna neman inda za mu kai uwarku. Amma da sharaɗi. Ki sa a rubuta a ciki, duk wanda ya cutu ta kuskurenmu, kafin a je ko'ina za a mayar masa da la'adar da muka ci, a zauna da shi a nemi mafita. Ban yarda a ce wa kowa je ka ga kamfani ba. Sannan ki tashi yanzu ki je ki ba yayanki haƙuri."

Na je gidansa a Etudi. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ta fito ta ce yana hutawa. Na tsaya a bakin labule na faɗi abin da ya kawo ni, na ce na yi kuskure, ya yafe mini. Daga ciki ya ce, "Na ji." Bai ƙara ba, bai fito ba.

Metir ya ce sharaɗin Baba bai saba ganin irinsa a ƙa'idojin kamfani ba, amma babu dokar da ta hana, ya sa aka rubuta. Jarin da ake nema kuwa, na sayar da awarwaron zinaren da mahaifinku ya yi mini, Inna ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta fito da abin da babu wanda ya san tana da shi, Hauwa ta kawo na adashinta. Aka sa ranar sa hannu. Na aika wa Yaya, ban sa ran zai zo ba.

Ya zo. Mun tarar da shi a ƙasan benen ofishin Metir yana jira, cikin farar shadda. Shi ya kama hannun Baba ya hau da shi matakala ɗaya bayan ɗaya, yana cewa saura uku, saura biyu. Raina ya yi sanyi, na ce a zuciyata an wuce wurin. Muka zauna, Metir yana karantawa da Faransanci, ina mayarwa da Hausa. Aka wuce suna, aka wuce kaso, aka wuce sharaɗin Baba. Da aka zo kan sa hannun mutum biyu a cinikin ƙasa, Yaya ya miƙe.

"Metir, a cire sunana. Kasona a ba Inna."

Baba ya ce, "Sabo, zauna."

"Baba, ku yafe ni. Da an rubuta wannan kafin ranar Juma'ar nan, wataƙila da na haɗiye. Yanzu duk wanda ya ji zai ce saboda ni aka rubuta, kuma gaskiyarsa. Ba zan zauna a inda aka sa da tawada cewa ba a yarda da idona ba."

Sannan ya zaro wata ambulan daga aljihu ya ajiye a gaban Metir. Titir ɗin gidanmu ce. Ya ce a shirya takarda a mayar da gidan sunan Baba, zai dawo ya sa hannu duk ranar da aka kira shi, domin shi ma zai buɗe tasa sana'ar, kuma ba ya so rufin Inna ya rataya a wuyansa. Babu wanda ya roƙe shi wannan. Ku riƙe shi a ranku duk lokacin da aka ambaci sunansa.

Da ya fita Inna ta fara kuka a hankali. Metir ya ce ba laifi in an ɗage zuwa wani sati, ko zuciya za ta sauko. Baba ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Uwani?"

Na san in na ce a ɗage, ba za a sake haɗuwa a ɗakin nan ba. Inna za ta roƙa, Hauwa za ta roƙa, a ce a cire layin nan ɗaya don a zauna lafiya, ni kuma in na cire shi ban san amfanin sauran ba. Ruwa ya kusa ɗaukewa.

Na ce, "A gyara yau, Metir. Ni zan buga."

Na zauna a teburin da na bari shekaru da suka wuce na sake buga shafi huɗu, na cire sunan yayana da yatsuna. Da aka gama na kama hannun Baba na ɗora a kan layi, ya rubuta sunansa da ajami, a karkace. Inna ta dangwala yatsa. Muka sauko benen, wannan karon ni ke ƙirga masa matakala.

Kada ku zaci daga nan Allah Ya nuna wa duniya ni ce mai gaskiya. Yaya ya buɗe etabilisma ɗinsa a Madagaskar, kuma ya samu. Yawancin mutanen arewa shi suka bi, don shi suka sani, kuma da yawansu ba sa iya zama gaban mace su yi cinikin gida. Babu wani fili da ya taɓa ɓaci a hannunsa har ya rasu, ya ma fi ni tsanani wajen duba takarda. Ni kuwa na kama wani siririn shago a bakin titi, na rataya allo, na yi wata huɗu ba ni da kowa sai gidan Madam Bernadet. Ina zaune ina ganin mutanen da suka ci tuwo a gidanmu suna wucewa suna kallon wancan gefen. Duk da haka ƙarfe bakwai na safe nake buɗewa, in share, in zauna. Ga taron shekara, ga takardun haraji da ba sa ƙarewa, ga zirga-zirgar ofisoshi, duk abin da Yaya ya ce wahala ce ya tabbata wahala ce. Shekara tara bai ci abincin da na dafa ba. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza kamar surukai. Ku kuka tashi ba ku san ɗakin 'ya'yansa ba, su ma ba su san naku ba, kuma wannan ba zan iya biyan ku shi ba.

Baba bai ga azumin da ya biyo baya ba. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a kan buzunsa. Ranar addu'ar uku gidan ya cika, maza a waje ƙarƙashin rumfa, mu mata a ciki. Ina zaune kusa da tagar zaure, sai na ji wani dattijo Bafulatani, mai gidaje biyu a bayan masallaci, wanda bai bi ni ba bai kuma bi Yaya ba, makullansa na hannun Baba har ya rasu, yana magana bayan an shafa.

"Sabo, Allah Ya jiƙan Alhaji. To yanzu mu da muka saba da shi, ina za mu kai makullanmu?"

Masu gida biyar ko shida ne a wurin suna jiran amsa, kuma da ya ce ku kawo, da sun kai masa a ranar, babu wanda zai ga laifinsa.

"Sana'ar Baba tana da takarda," in ji Yaya. "Tana hannun Uwani. Ku kai can, ba za ta cuce ku ba."

Bai shigo ya faɗa mini ba, bai kuma san na ji ba. Da yamma ya leƙo ya yi wa Inna sallama, ya wuce ni a tsakar gida ba tare da ya juyo ba. Ranar da muka share makoki na buɗe shago ƙarfe bakwai, na tarar da dattijon nan a tsaye a bakin ƙofa, makullai a ƙulle cikin hankici.